Madurai, Birnin da Titunansa Ke Ƙidayar Watanni

Sunayen tituna ne suka sa na ɗauki alƙalami a kan Madurai. Hanyar zuwa can ba ta da wani labari: jirgin sama zuwa Chennai, daga nan jirgin ƙasa na dare ya yi kudu da mutum kusan kilomita 500 cikin jihar Tamil Nadu, gari na wayewa sai ga gonakin shinkafa da itatuwan kwakwa, sai tasha. Amma da na shiga tsohon gari na fara karanta allunan bakin hanya, sai na tarar an tsara birnin ne zobe bayan zobe, kowane zobe mai kusurwa huɗu, duka suna kewaye da babban ɗakin bautar Minakshi, kuma zobban suna ɗauke da sunayen watannin Tamilawa: Adi daga ciki, sannan Chithirai, sannan Avani, sannan Masi. Asalin abin shi ne kowane titi yana da bikin da ake kewaya shi da shi a watan da aka sa masa sunansa. Wato mutanen nan sun shimfiɗa kalandarsu a ƙasa suna takawa. Daga nan na fara fahimtar abin da nake son kafa hujja a kansa: tsohon gari yana rayuwa ne gwargwadon yadda mutanensa ke ci gaba da amfani da shi, kuma duk ginin da aikinsa ya mutu, komai ƙarfin dutsensa, ya kama hanyar zama kango.

Duk Bahaushen da ya san Indiya ta finafinan Bombay zai sha mamaki a nan. 'Yan kalmomin Hindi da muka tsinta a silima ba sa sayen ko kofin shayi, domin harshen garin Tamil ne, kuma suna kishinsa ƙwarai. A nan Madurai ne aka fara arangamar watan Janairun 1965, lokacin da ɗalibai suka tashi tsaye suka ƙi a ɗora musu Hindi. Abin da ido ya saba da shi kawai shi ne A Daidaita Sahu, kuma wannan ma akwai dalili: kamfanin TVS, wanda kekunansa masu ƙafa uku suka cika titunanmu, a garin nan aka kafa shi a 1911, da sufurin motocin haya ya fara. Masaukan da ke tsakanin tashar jirgi da ɗakin bautar kuwa ba zan yabe su ba. An yi su ne don masu ziyarar ibada da za su kwana ɗaya su wuce, ɗakuna ƙunci, taga tana kallon bangon maƙwabci, ga sauro, ga hon ɗin motoci har asuba. Mu a gida baƙo ɗakin da ya fi kyau ake share masa, a kai masa ruwa da buta kafin ya tambaya, shi ya sa irin wannan sauka take ci mini rai. Duk da haka dole in faɗi gaskiya: ɗakunan a cike suke kullum, kuma cikarsu ita ce shaidar farko cewa garin bai zama gidan ajiye kayan tarihi ba.

Ɗakin bautar kansa gari ne a cikin gari, filinsa ya kai kusan eka 14. Yana da hasumiyoyi 14, mafi tsawo ita ce ta kudu, tana kusan mita 52, kuma daga ƙasa har sama an lulluɓe ta da dubban siffofi masu launi kore da ja da shuɗi da rawaya, har ido ya rasa inda zai sauka. Ana tuɓe takalmi a waje, ana ajiye wayar hannu, a bi ta binciken 'yan sanda. A ciki akwai tafki mai matakalai a kowane gefe, wanda suke kira tafkin furen zinariya, inda mutane ke zama su huta bayan ibada. Akwai zauren da ake ce wa mai ginshiƙi dubu, ko da yake ginshiƙansa 985 ne, wanda Ariyanatha Mudaliar, wazirin sarakunan Nayak, ya gina a 1569. Kowane ginshiƙi dutse ne da aka sassaƙa, wani mahayi a kan doki, wani dabba mai kan zaki. Wadda ake bauta wa a nan mace ce, Minakshi, suna ɗaukarta sarauniyar garin, mijinta kuma Shiva ne da sunan Sundareswarar, kuma ita ake fara gaisarwa kafin shi. Kowane dare, wajen ƙarfe tara, ana ɗauko siffarsa cikin akwatin kafaɗa, da ganguna da algaita irin tasu da hayaƙin turare, a kai ta ɗakin matar. Wanda ba Hindu ba iyakarsa farfajiya da zauruka. Akwai allon da ke tsayar da shi kafin ɗakunan ciki, kuma ban ga laifin hakan ba, domin mu ma muna da wuraren da ba kowa ke shiga ba.

Na san tambayar da mai karatu zai fara yi: me ya kai Musulmi gidan gumaka, har ya dawo yana ba da labari? Tambayar tana da tushe. Ban rusuna wa komai ba, ban karɓi tokar da suke shafawa a goshi ba, kuma abin da na gani bai ƙara mini komai ba sai godiya ga Allah da tauhidin da aka raine ni a kai. Amma addininmu da kansa ya umarce mu da yin tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda al'ummai suka kasance, kuma malaman da suka rubuta mana labarin Indiya tun da daɗewa, irin su Albiruni, sun zauna sun koyi abin da mutanen suka yi imani da shi ba tare da sun bar nasu ba. Ƙin aƙidar mutum abu ne daban, rufe ido daga dabararsa ta riƙon gari abu ne daban. Wanda ya ce ba zai koyi komai daga wanda ba addininsu ɗaya ba, to ya fara sauka daga keken da ya hau.

Tarihin garin shi ne hujjata mafi ƙarfi. Madurai ita ce fadar sarakunan Pandiya, kuma cibiyar tsohon adabin Tamil da ake kira na Sangam, wanda ya kai shekaru kusan dubu biyu. A Keeladi, 'yan kilomitoci kudu maso gabas da birnin, masu tonon tarihi sun fara aiki a 2015, suka fito da gine-ginen bulo da rijiyoyi da tukwane masu rubutu, wasu an kimanta su zuwa ƙarni na shida kafin haihuwar Annabi Isa. Amma ɗakin bautar da ake gani yau bai kai ko kusa da wannan tsufa ba. A 1311 Malik Kafur, sarkin yaƙin Alauddin Khalji na Delhi, ya iso da rundunarsa ya kwashe dukiyar garin. A 1335 Jalaluddin Ahsan Khan ya ɓalle daga Delhi ya kafa daular Musulmi a nan, wadda ta kai har 1378. Ibn Batuta, wanda ya auri 'yar wannan Jalaluddin, ya zo Madurai a tsakiyar shekarun 1340, ya tarar da annoba, kuma ya rubuta ƙyamarsa ƙarara game da zaluncin sarki Ghiyasuddin Damghani a kan mutanen ƙasar, har mata da yara. Wannan Ibn Batuta shi ne ya biyo ta Takedda, a ƙasar Nijar ta yau, a 1353, ya ambaci Gobir cikin ƙasashen da ake kai wa tagulla. Ba na jin akwai amfani a ɓoye wannan babi don masu laifin Musulmi ne; shaidar da ta fi tona asirinsu ma daga alƙalamin alƙali Musulmi ta fito. Abin lura shi ne abin da ya biyo baya. Ruwayar garin ta ce kusan rabin ƙarni ɗakin bautar yana rufe. Da rundunar daular Vijayanagara ƙarƙashin Kumara Kampana ta karɓe ƙasar, ibada ta dawo, kuma sarakunan Nayak, waɗanda suka yi mulki daga 1529 zuwa 1736, suka sake gina shi ya fi na da girma. Gini ya faɗi, amma mutanen da suka san ranar kowane biki da hanyar da yake bi suna nan, su ne suka tayar da shi.

Wanda ke son ganin ɗaya fuskar maganar sai ya taka kilomita ɗaya da ɗan abu zuwa fadar Thirumalai Nayak, sarkin da ya yi mulki daga 1623 zuwa 1659. Sarki ɗaya ne ya zuba dukiya a wuraren biyu. An kammala fadar a 1636, da manyan ginshiƙai farare waɗanda mutum biyu ba za su iya rungumarsu ba, da bakuna da ƙubbobi masu kama da na ƙasashen Musulmi. Amma jikansa Chokkanatha ya mayar da fada Tiruchirappalli, ya sa aka rushe babban ɓangare na wannan don a kwashi kayan ginin. Abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, shi ma sai da Turawan Ingila suka gyara shi a zamanin gwamna Napier, a shekarun 1860 zuwa 1870. Yau ana sayen tikiti a shiga, da yamma a kunna fitilu a ba da labarin sarki ta lasifika, tattabaru kuma sun mallake saman ginshiƙai. Wuri ne mai kyau, amma babu wanda rayuwarsa za ta tsaya idan aka rufe shi gobe. Haka ganuwar garin: da yaƙi ya ƙare, aikinta ya ƙare, Turawa suka fara rushe ta a 1837, aka cike gwalalon, aka shimfiɗa titunan Veli a kansa. Fada da ganuwa sun fi ɗakin bautar samun kariyar masu iko a zamaninsu, amma su ne suka tafi.

Thirumalai ya fahimci wannan sirri fiye da jikansa. Shi ne ya haɗa bukukuwa biyu na ɓangarori biyu da ba sa ga maciji sosai, masu bin Shiva da masu bin Vishnu, ya mayar da su biki ɗaya a watan Chithirai, tsakanin Afrilu da Mayu, bayan an gama girbi. Shi ya sa har yau manyan karusan katako, waɗanda dubban mutane ke ja da igiya, suke kewaya titunan Masi alhali watan Chithirai ne. An matsar da bikin, titi ya riƙe tsohon sunansa. Ana ɗaura auren Minakshi, sannan a ɗauko siffar Alagar na masu bin Vishnu, wanda suke ce wa ɗan'uwanta, daga tsauninsa mai nisan kusan kilomita 20, a kawo shi a kan dokin zinariya ya shiga kogin Vaigai, ƙauyuka su kwararo cikin birni. Ban zo a lokacin bikin ba, amma ba sai mutum ya gan shi ba zai ga abin da yake ciyarwa. Furen yasmin na Madurai, wanda hukuma ta yi wa rajistar suna a 2013, tun kafin asuba ake cinikinsa a kasuwar Mattuthavani, mata su zauna a bakin ƙofofi suna kitsa shi a zare da saurin da ido ba ya bi. Akwai maƙeran tagulla, da masu sayar da kwakwa da ayaba da turare, da teloli masu ɗinka wa baƙo riga kafin ya gama zagaye, da 'yan Saurashtra, waɗanda kakanninsu suka zo daga yammacin Indiya, masu saƙa da rinin ɗauri da ake kira sungudi. A rini kam ban yarda sun fi marinan Ƙofar Mata iya baba ba, amma sun fi su samun kasuwa, domin matan garin na sayen kayansu don su ɗaura, ba sa jiran Bature ya zo ɗaukar hoto.

Mai suka zai ce amfani ma yana kashe gini, kuma yana da hujja. A daren 2 ga Fabrairun 2018 gobara ta tashi daga shagunan da ke cikin harabar ɗakin bautar, ta cinye zauren Veera Vasantharayar, ginshiƙan dutse suka tsattsage, rufi ya rufta. Kasuwancin da nake yabo shi ne ya jawo wannan asara. Bayan haka kotu ta hana shiga da waya, aka kuma kwashe 'yan kasuwa da teloli daga zauren Pudhu Mandapam zuwa wani gini na kusa. Masana kayan tarihi kuma sun daɗe suna kukan cewa gyaran da ake yi wa ɗakunan bautar Tamil Nadu, wanda a ƙa'ida ake yi duk shekara 12 a sake fenti a sake tsarkakewa, yakan shafe tsofaffin zane da rubutun bango. Kogin Vaigai kansa abin tausayi ne, yawancin shekara rairayi ne da ɗan ruwan ƙazanta da leda. Duk na yarda da wannan. Amma a duba abin da ya faru bayan gobarar: gari ya tashi, jaridu suka yi ca, kotu ta shiga, aka nemo dutse daga wata ma'adana aka sa masassaƙa su sake yin ginshiƙan irin na da. An sami masassaƙan ne saboda sana'ar ba ta mutu ba, kuma ba ta mutu ba ne saboda gyaran da ake maimaitawa yana ba su aiki. Ginin da ake amfani da shi yana ƙonewa a gyara. Wanda aka bari damina ce ke cinsa a hankali, babu mai kai ƙara. Maganin gobara shi ne doka da kula da wayar lantarki, korar jama'a daga wurin kuwa kashe shi ne ta wata hanya.

Akwai suka ta biyu wadda ta fi nauyi: al'adar da ke raye tana iya raya zalunci tare da ita. Ɗaruruwan shekaru ana hana Dalit, waɗanda tsarin asali na Hindu ya ajiye a ƙasan kowa, taka ƙofar wannan ɗaki, alhali guminsu na cikin abin da ya gina shi. Sai ranar 8 ga Yulin 1939 lauya Vaidyanatha Iyer, wanda shi kansa daga gidan Brahman, na saman wancan tsari, ya fito, ya jagoranci wasu 'yan Dalit suka shiga, cikinsu har da Kakkan wanda ya zama minista daga baya. Wasu limaman ɗakin suka ƙaurace masa shekaru suna cewa an ƙazantar da shi. Gandhi, wanda a wani gida kan titin Masi na yamma ya ajiye manyan tufafi ya koma ɗaura ƙyalle a Satumbar 1921 don ya yi daidai da talakawa, bai shiga ibada a ɗakin ba sai 1946, bayan an buɗe shi ga kowa daga cikin Hindu. Wannan labari yana ƙarfafa maganata ne. An yi faɗan ne saboda wurin yana da daraja a rayuwar mutane. Babu wanda ya taɓa yin zanga-zanga don a bar shi ya shiga fadar Thirumalai. Abin da ke raye shi ake iya gyara wa hali, ko da yake wariyar asali ba ta ƙare a ƙauyukan yankin ba har yau.

Musulmin garin ma suna cikin wannan lissafi. Babban masallacin Kazimar, wanda ake dangantawa da Kazi Sayyid Tajuddin a ƙarni na 13, a kan filin da ruwaya ta ce wani sarkin Pandiya ne ya ba shi, bai da nisa da tashar jirgi, kuma yana cika a kowace salla. A Goripalayam, ƙetaren kogi, akwai hubbaren wasu sarakunan waccan daula. A Thiruparankundram kuwa ɗakin bautar Murugan na Hindu yana gindin dutse, hubbaren Sikandar na Musulmi yana kan dutsen, kuma a 'yan shekarun nan 'yan siyasa sun so su mayar da dutsen filin rigima, har magana ta kai kotu. Ba zan ce zaman lafiyar garin ba shi da tabo ba. Amma a unguwannin da ke kewaye da masallatan nan ne na sami irin karɓar da na rasa a masauki: sallama kaɗai ta isa a matsa wa baƙo a sahu, a tambaye shi ƙasarsa, a ja shi cin shinkafa da naman akuya, a ƙi karɓar kuɗinsa. Waɗannan masallatai sun kai shekaru ɗari bakwai ko kusa da haka a tsakiyar garin Hindu, kuma abin da ya tsare su shi ne abin da ya tsare maƙwabcinsu, wato jama'ar da ba ta daina zuwa ba.

Duk tsawon zamana a can Kano ce ke raina. Ganuwarmu, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, tana narkewa a gaban idonmu, ana yankar ta ana gina shaguna, ana ɗibar ƙasarta. Mukan ce laifin gwamnati ne da ba ta ware kuɗi ba, kuma akwai gaskiya a ciki. Ɗakin bautar Madurai ma wata ma'aikatar gwamnatin jiha ce ke kula da kuɗinsa da gyaransa. Amma kuɗin yana bin jama'a ne. Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa, waɗanda suka zo tun ƙarni na 15, suna nan saboda ana ciniki a ɗaya ana zaman fada a ɗaya, kuma hawan salla, wanda UNESCO ta sa cikin gadon duniya a 2024, ba allon sanarwa ne ya raya shi ba, masu doki da masu ɗinkin kayan doki da 'yan kallo ne. Jama'ar Jenne a Mali suna fitowa kowace shekara su yaɓe masallacinsu, shi ya sa ginin laka yake tsaye. Da ganuwa tana da rana ɗaya a shekara da kowace unguwa za ta fito ta yaɓe ɓangaren da ke gabanta, da mai yankar ta ya san da mutane yake faɗa.

Sauran garin bai riƙe ni sosai ba. Da dare kan tituna sukan cika da masu tuya, har suna yi wa garin kirari da birnin da ba ya barci. Na ci idli, wainar shinkafa da ake turarawa, na sha jigarthanda, madara mai sanyi da ƙaro da zaƙi, wadda ke taimako a zafin wurin, ko da yake tsamiya da yajin miyarsu kan gundiri wanda ya saba da kuka da daddawa. Na leƙa gidan tarihin Gandhi, wanda aka buɗe a 1959 a tsohuwar fadar sarauniya Mangammal, na wuce ta babban tafkin Teppakulam da asibitin ido na Aravind, wanda ya fara da gadaje 11 a 1976. Bayan titunan Veli kuwa sai gadoji da shagunan waya da allunan 'yan siyasa da na taurarin fim, irin waɗanda ake gani a kowane birni na Indiya, kuma ta cikinsu na bi na koma tashar jirgin Chennai.